Kafin Ka Sa wa Manhajarka Wa'adin Gwaji



Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce ga ƙananan 'yan kasuwa: ta lissafin kaya a kantin magani, ta fitar da sakamakon jarrabawa a makarantun kuɗi, ta rasit a shagon sari. Tambayar da ƙannenmu masu shigowa harkar suka fi yi mini ita ce, "Oga, ya zan yi manhajata ta tsaya bayan kwana talatin in ba a biya ba?" Tambayar tana kan hanya, domin kowa yana da haƙƙin cin guminsa. Sai dai na lura hankalin kowa yana kan ɓarawon da zai fasa manhajar, an manta da mutumin kirkin da ya karɓa da niyyar saye. Shi kuwa wa'adin gwaji dominsa aka yi shi, kamar ɗanɗanon da mai kilishi ke miƙo maka kafin ciniki.

Dabarar ta daɗe. A farkon shekarun 1980 a Amurka, Andrew Fluegelman mai PC-Talk da Jim Knopf mai PC-File suka riƙa barin mutane su kwafi manhajarsu, wanda ta yi wa amfani ya aiko kuɗi. Bob Wallace ya bi sahu da PC-Write a 1983. Daga baya aka ƙara ƙidayar kwanaki. Yau manhajar IDM tana ba da kwana 30, Adobe kwana 7, Windows Enterprise ta gwaji kwana 90. WinRAR kuwa, wadda ta fito tun 1995, kwana 40 take bayarwa, in sun cika sai ta riƙa tuna maka ka saya, amma ba ta daina aiki. Ga ta nan har yau, domin kamfanoni da ma'aikatu suna biyan lasisi.

Abu na farko shi ne tsawon wa'adin, kuma aikin kwastoma ne zai faɗa maka shi. Mai kantin magani ba zai san darajar manhajarka ba sai ya rufe lissafin ƙarshen wata ya ga riba da asara a gabansa. Makaranta kuwa, in ka ba ta kwana 30 a farkon zango, wa'adin zai ƙare tun ba a yi jarrabawa ba, alhali a lokacin haɗa sakamako ne manhajar za ta nuna kanta. Shi ya sa na fi son ƙirga kwanakin da aka buɗe manhajar, maimakon kwanakin kalanda. Wanda aka ɗauke wa wuta mako guda, ko ya yi tafiya, bai kamata kwanakinsa su tafi a banza ba.

Hanyoyin ƙirgawar uku ne. Ta farko, manhajar ta rubuta ranar da aka fara buɗe ta a cikin kwamfutar, ko a rajistar Windows ko a wani fayil, kullum ta kwatanta da ranar yau. Tana da sauƙin rubutawa, tana da sauƙin kaucewa: a goge fayil ɗin, ko a sake saka manhajar, ko a mayar da agogon kwamfuta baya. Akwai ma ƙaramar manhaja mai suna RunAsDate da ke sa wata manhajar ta ga ranar da ba ita ba. Maganin da aka saba shi ne a ajiye ranar a wuri fiye da ɗaya, a rufaffen rubutu, kuma a riƙa rubuta ranar buɗewa ta ƙarshe. In ranar yau ta zo kafin waccan, an taɓa agogo.

A nan ne nake roƙon ku natsu. Yawancin kwamfutocin shagunanmu na gwanjo ne. A cikin kowacce akwai ɗan batirin da ke riƙe agogo in an kashe ta, wanda a kwamfutocin tebur galibi CR2032 ne. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma shekaru baya da kansa, ba tare da kowa ya taɓa ba. In ka rubuta cewa duk agogon da ya koma baya sata ce, ka kulle bawan Allah ka kuma yi masa ƙazafi. Haka in yaron shago ya yi kuskuren sa shekara a gaba, manhajar ta rubuta wannan a matsayin ranar ƙarshe, to ko an gyara ba za ta sake buɗewa ba. Abin da ya dace shi ne saƙo mai ladabi: kwanan watan kwamfutarka ba daidai yake ba, gyara shi ka ci gaba. Ka kuma bar wa kanka hanyar warware kullen daga nesa.

Hanya ta biyu, sabarka ta intanet ce ke riƙe da ranar, manhajar tana tambayarta. Ta fi ƙarfi, tun da agogon yana hannunka. Amma ka tuna mai kemis ɗin ƙauye da sai ya fita waje yake samun sabis. Ka nemi intanet sau ɗaya wajen farawa, sannan ka ba da rangwamen kwanaki masu yawa in babu shi. Manhajar da ke tsayawa saboda data ta ƙare ba za ta yi farin jini a kasuwarmu ba.

Ta uku ita na fi amfani da ita: ɗan fayil na lasisi mai ɗauke da sunan shago, shaidar kwamfutar, da ranar ƙarewa, wanda ka sa wa hannu da makullin sirri ta tsarin Ed25519 ko RSA. Manhajar tana riƙe da makullin fili kawai, wanda ke tantance sa hannun amma ba ya iya ƙirƙirarsa. Duk wanda ya canja ranar, sa hannun ya lalace. Ana iya tura shi ta WhatsApp, kuma ƙarin mako biyu ga mai buƙata ba ya wuce aika sabo. Kada ka taɓa saka makullin sirrin a cikin manhajar. Ka kuma haɗa da binciken agogo, domin fayil ɗin ma da agogon kwamfuta yake aunawa. In kana aika shaidar kwamfutar ko lambar wayar kwastoma zuwa sabarka, ka sanar da shi a fili, musamman da yake Najeriya tana da Dokar Kare Bayanai ta 2023.

Kada kuma ka ƙarar da ƙarfinka a kan kulle. Microsoft da Adobe, duk da dukiyarsu, ana sayar da fasassun manhajojinsu a kasuwa. Wanda ya iya fasa taka da ma ba mai saye ba ne. Ka yi kullen da zai hana ganganci, sauran lokacinka ka inganta aikin.

Ranar da wa'adi ya cika ita ce ranar da ake gane amanarka. Cikin wata guda mai shago ya shigar da kayansa, da sunayen masu bashinsa, da cinikin kowace rana. Manhajar taka ce, bayanan nasa ne. Kana iya hana shigar da sabon ciniki, amma ka bar shi ya duba, ya buga a takarda, ya fitar da komai zuwa Excel. Kada ka goge, kada ka riƙe su garkuwa sai an biya. Ka riƙa nuna kwanakin da suka rage, ka ƙara tunatarwa in saura mako guda, kuma kada manhajar ta tsaya a tsakiyar rasit kwastoma na tsaye. In ya biya, makulli kawai zai saka ya ɗora daga inda ya tsaya.

Akwai wata ɗabi'a da dole mu yaƙa a tsakaninmu: ɓoye agogo a manhajar da aka riga aka biya, don ta lalace a sake kiranka gyara. Wannan ha'inci ne, kuma laifi ne. A 2019 wani ɗan kwangila a Amurka mai suna David Tinley ya amsa laifinsa a kotu, bayan ya dasa irin wannan a jadawalan lissafin da ya yi wa Siemens. In kwastoma zai biya kashi-kashi ne kana tsoron ya noƙe, ku rubuta sharaɗin wa'adin a yarjejeniya, kowa ya sa hannu.

Ku kuma iyayen gidanmu masu saye, kafin ku zuba bayananku a manhajar gwaji, ku tambaya: kwana nawa ne? Me zai faru in sun cika? Zan iya fitar da bayanaina in na fasa? Za a cire mini kuɗi daga kati ba tare da na sani ba? Duk wanda ya yi kame-kame a amsa, ku nemi wani. Ku guji fasassun manhajoji, domin sau da yawa da su ake shigo da cutar da ke sace bayanai.

Mu ƙanana ne a wannan kasuwa, tallarmu bakin kwastoma ce. Wanda ya gwada bai saya ba amma ya fita da bayanansa lafiya, shi ne gobe zai turo maƙwabcinsa. Allah Ya sa albarka a nemanmu.