Idan Ganin Baba Ya Fara Dishi-dishi

Idan tsohonka ya fara lalube a tsakar gida, ko ya daina zuwa masallaci da asuba don ba ya gane hanya, kada ka ce tsufa ne kawai. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa yanar ido ce kan gaba wajen makantar da 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kusan kashi 43 cikin 100. Ita kuwa yana ana cire ta. Aikin ɗan lokaci ne, a sa sabuwar ƙwayar roba a ido, washegari a buɗe bandeji.

A Sakkwato akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru. Ka raka Baba ko Inna da kanka. Tsofaffi kan ji nauyin ɗora wa 'ya'ya wahala, sai su yi shiru.

Ku guji masu yawo ƙauyuka suna tura yanar cikin ido da tsinke. Da yawa sun rasa idon ɗungurungum a hannunsu. Haka nan ku guji ɗiga nono ko ruwan ganye a ido.

Hawan jinin ido kuwa ya fi yana ban tsoro, don yawanci ba ya zafi, kuma ganin da ya ci ba ya dawowa. Mai shekara 40, musamman mai ciwon suga ko wanda makanta ke danginsu, ya je a auna masa ido ko ba ya jin komai. In an ba da maganin ɗigawa, kada a daina sai likita ya ce.