Yadda Ake Haɗa Babban Kek da Ƙananan Kek

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, manoman rani na Talata Mafara da Bakura da Maradun suka sami damar shuka alkama a lokacin sanyin hunturu. Matan wannan yanki sun daɗe da sanin alkaki da funkaso. Yanzu kuma kek ya shiga cikin kayan biki da suna da salla, har a garuruwa irin su Dakko.

To, amma akwai wata asara da ke yawan samun mata. Gidaje da yawa ba su da tanderun gashi, sai tukunya da rairayi. Idan aka zuba ƙullu mai yawa a babban kwano aka gasa a tukunya, sai gefe ya ƙone alhali ciki ɗanye ne, domin zafi ba ya isa tsakiya da wuri. Ke nan ƙwai da bota da sukari sun tafi a banza, ga kuma kunya gaban baƙi. Maganin wannan shi ne a gasa ƙanana, sa'an nan a haɗa su su zama ɗaya.

Kayan da ake bukata

Don ƙanana 20 ana bukatar fulawa gwangwanin madara 3, sukari gwangwani 2, bota giram 250, ƙwai 5, bekin foda ƙaramin cokali 2, da ɗan gyaɗar ƙamshi. Ana samun waɗannan a kasuwar Talata Mafara. Wanda zai yi da garin alkamar gida sai ya tankaɗe shi sau biyu, ya kuma gauraya shi da fulawa rabi da rabi, domin garin gida yana da nauyi. A gwada kowane ƙwai cikin ruwa: wanda ya taso sama ya tsufa, a zubar da shi.

Gashi

1. A buga bota da sukari da muciya har su yi fari su yi laushi.
2. A fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, ana bugawa.
3. A tankaɗe fulawa da bekin foda tare, a zuba, a juya a hankali. Yawan bugu a nan yana sa kek tauri.
4. A sami gwangwanaye masu girma ɗaya, marasa tsatsa, a danne bakinsu don kada su yanki hannu, a wanke, a shafa mai. Kada ƙullu ya wuce kashi biyu cikin uku na gwangwani.
5. A zuba wankakken rairayi kaurin yatsa biyu a tukunya, a bari ya yi zafi, a jera gwangwanaye, a rufe, a ɗora garwashi kaɗan bisa murfi.
6. Bayan minti 20 zuwa 25 a soka tsinke. In ya fito a bushe, kek ya nuna.

Jerawa

A fitar da su daga gwangwani, a bari su huce sarai. A yanke tozon kowanne da wuƙa don su daidaita. A sa ɗaya a tsakiyar faranti, a kewaye shi da 6, a sake kewayewa da 12. Sun zama 19 ke nan, na ashirin kuwa na ɗanɗano ne. A ɗiga ɗan kwaɓin sukari ƙarƙashin kowanne don kada ya zame, a matsa su sosai, a cike ramukan tsakani da tozon da aka yanke.

Shafen sukari

A daka sukari a turmi mai tsabta har ya zama gari, a tankaɗe. A buga bota awo ɗaya da garin sukari awo biyu, a ɗiga ruwan lemun tsami. Dole kwaɓin ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, in ba haka ba sai ya zurare tsakanin kek. A shafa da bayan cokali daga tsakiya zuwa gefe, har sama ta zama shimfiɗa ɗaya. Ana iya barbaɗa soyayyar gyaɗa ko kwakwa, ko a jera dabino a gefe.

Gargaɗi

Bota tana narkewa kafin zafi ya kai digiri 35, zafin bazara kuwa a Zamfara yakan wuce 40. Saboda haka a yi shafen da sassafe, a ajiye a inuwa, a ci a ranar. Kada a sa ɗanyen ƙwai cikin kwaɓin sukari, domin yana iya kawo gudawa, musamman ga yara. A wanke hannu da sabulu, a kife babban kwano bisa farantin saboda ƙuda da tururuwa.

Uwargidan da ta bi wannan hanya ba ta bukatar wuƙa ranar biki, kowane baƙo sai ya ɗauki nasa. Idan kuma ɗaya ya ƙone, ɗaya kaɗai ta rasa, sauran suna nan lafiya.