Shukar hunturu a unguwar Nima

Nima unguwa ce a birnin Akra, babban birnin ƙasar Gana. Hausawa fatake suna kiran wannan birni Ankara. Wani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, shi ya kafa unguwar wajen shekarar 1931. Daga baya baƙi suka yi ta zuwa daga arewacin Gana, da Nijar, da Najeriya, da Mali, da Burkina Faso. Kowa da harshensa, amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa. Irin wannan unguwa ita ake ce wa zango. Maamobi ma zango ce, tana maƙwabtaka da Nima. Wata babbar kwata ce ta ratsa tsakaninsu.

Gidajen Nima a manne suke da juna. Lunguna matsattsu ne, tsakar gida kuwa siminti. Babu filin yin garka.

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan taso daga hamadar Sahara, ta gangara har bakin teku. Sanyin Akra bai kai na Maradi ko Damagaram ba, inda yara ke jin wuta da safe. Amma ruwan sama yakan ɗauke, ƙura ta rufe sama, leɓe ya tsattsage. Ganyen miya kuma yakan yi tsada a kasuwa.

A cikin wani gida na Nima akwai wata yarinya ƴar aji biyar. Kawunta yana aiki a birnin Niyok, a Amurka. Wata rana ya aiko da hoto ta waya. A cikin hoton an jera galan-galan na madara a bayan gida, ƙanƙara ta kusa binne su. Ya ce shuka ce a ciki. Mutanen can sukan yanka galan ta tsakiya, su zuba ƙasa, su sa iri, su mayar da saman su liƙe, sa'an nan su ajiye shi waje duk tsawon sanyi. Galan yana tara ɗumin rana kamar ƙaramin ɗaki. Idan sanyi ya fara ja da baya, sai iri ya tsiro da kansa.

Abin ya ba yarinyar sha'awa. Kwana uku tana tara kuɗin kokonta na safe, ta sayi irin tumatir da na salati. Ta yanka goran roba huɗu, ta yi yadda ta gani a hoto. Har murfin ta ɗaure tam. Ta sa wanta ya ɗora mata su bisa rufin kwano, don su sha rana.

Bayan mako guda aka sauko da su. Salati ko ɗaya bai fito ba. Tumatir ya ɗan leƙo, amma ya kwanta, ya yi laushi kamar an zuba masa ruwan zafi. Yarinyar ta fashe da kuka.

Kakanta yana zaune bisa tabarma. Shi tsohon manomin garka ne. Shekaru da yawa ya yi yana noman salati da kabeji a Dzorwulu, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, inda mutanen zango da dama ke neman abinci. Ya yi dariya ya ce:

— Amarya, kin dafa miyar tun ba ta tsiro ba! Sa hannunki cikin goran.

Ta sa hannu, ta janye da sauri.

— Kaka, da zafi!

— To, kin gani. A garin kawunki sanyi ne abokin gaban iri, shi ya sa suke rufe shi. Ko su ba sa ɗaure murfi, sukan bar kafar shan iska. Nan kuwa rana ce da busasshiyar iska. Inuwa irinki yake so, da laima.

Gaskiyar tsoho. Iri yana bukatar abu uku kafin ya tsiro: ruwa, da iska, da ɗumi daidai gwargwado. Idan zafi ya wuce digiri 30, yawancin irin salati ba ya tsirowa. Rufaffen gora bisa kwano da tsakar rana ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Washegari kaka da jika suka sake sabon aiki. Suka tara gwangwanayen tumatir da na madara, da ledojin ruwan sha na rabin lita, da wani rawayan galan da ya tsage. Mutanen Akra suna kiran irinsa galan Kufuor, domin a zamanin shugaba Kufuor, tsakanin 2001 da 2009, aka yi ta yawon neman ruwa da shi. Yarinyar ta kawo wata kwalba mai kyau da ta tsinta a lungu. Kaka ya shinshina, ya ture ta gefe. Maganin ƙwari ne aka zuba a ciki a da. Duk abin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko fetur, ko baƙin mai, ba a shuka abinci a cikinsa, ko an wanke.

Kaka ya ɗauki ƙusa ya huda gindin kowane gwangwani sau huɗu ko biyar. Wuƙa da ƙusa aikin manya ne, bakin gwangwani kuma yana yanka, sai da ya daddanne shi da dutse. Idan babu huda, ruwa yakan kwanta, saiwa ta ruɓe, sauro kuma ya sami wurin ƙwai. Galan kuwa ya kwantar da shi, ya yanke gefe ɗaya, ya zama kamar ƙaramin kwami.

Sai haɗin ƙasa: mudu biyu na baƙar ƙasa, mudu ɗaya na yashi, mudu ɗaya na taki. Taki bai yi wuyar samu ba, don a Nima ana kiwon tumaki da kaji a cikin gida. Amma sai tsohon taki wanda ya bushe ya ruɓe. Ɗanye yana ƙone tsiro.

Yarinyar ta sa yatsa za ta yi rami mai zurfi. Kaka ya riƙe hannunta.

— Ba gyaɗa ba ce. Zurfin rami ya zama kamar girman ƙwayar sau biyu, ko sau uku.

Tumatir aka sa ƙwaya uku a kowace leda, zurfin santimita 1. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, sai aka gauraya shi da yashi aka barbaɗa cikin galan. Irin lalo, wanda mutanen Akra ke kira ayoyo suna cin tuwo da miyarsa, yana da taurin ɓawo. Kaka ya ƙulle shi a ƙyalle, ya tsoma cikin ruwan zafi ya ƙirga goma, ya tsame, ya shanya a inuwa, sa'an nan aka shuka. Suka jera kayan a gindin bango, inda rana ke taɓawa da safe kawai. Suka lulluɓe da tsohon buhun algarara mai laima. Iska tana shiga ta cikin buhu, amma ba ta busar da ƙasa.

Saura ruwa. Ruwan famfo saye ake yi, kwata kuma ga ta kusa. Kaka ya hana ɗibar ruwan kwata. Ya tuna wa yarinyar shekarar 2014, lokacin da kwalara ta kama mutane fiye da 20 000 a Gana, mafi yawansu a yankin Akra. Salati ɗanye ake cinsa, ƙazamin ruwa kuwa yana barin cuta a jikin ganye. Sai ya ajiye kwano a wurin alwala. Ruwan alwalar gida, da na wankin shinkafa, ya ishi shukar safe da yamma. Da goran da aka huda murfinsa ake yayyafawa, don kada iri ya tonu.

Rana ta huɗu alayyahu ya leƙo. Nan da nan aka ɗage buhun, domin tsiron da ya rasa haske yakan yi tsawo ya rame. Tumatir ya fito cikin mako guda. A kowace leda aka bar tsiro ɗaya mai ƙarfi. Da ya yi mako huɗu, yana da ganye huɗu ko biyar, aka tsaga ledar a hankali, aka dasa shi da ƙasarsa cikin tsohon bokiti, da yamma, bayan rana ta yi sanyi.

Tsagaggun ledojin ba a jefa su kwata ba. Leda tana toshe hanyar ruwa. Mutanen Akra ba su manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya da gobara suka hallaka mutane kusan 150 a tsakiyar birnin. Yarinyar ta tara ledojin cikin buhu, ta ba masu sayen roba.

A mako na biyar uwarta ta yanki alayyahu na farko ta sa a miya. Kaka ya ce a bar gindin, zai sake tohowa. Ƴan ajinsu biyu daga Maamobi suka zo kallo, kowace ta koma gida da ledar tumatir ɗaya a hannu.

Kalmomi

iri: la semence
tsiro: la jeune pousse
dashe: le repiquage
taki: le fumier
hunturu: l'harmattan

Tambayoyi

1. Me ya sa shukar farko ta lalace?
2. Don me ake huda gindin gwangwani?
3. Wane irin gora ne ba a shuka a cikinsa?
4. Idan an zuba mudu 6 na baƙar ƙasa, mudu nawa na yashi da na taki za a sa?

Aiki

A sami gwangwani biyu, a shuka alayyahu a ciki rana ɗaya. A ajiye ɗaya a rana, ɗaya a gindin bango ƙarƙashin buhu mai laima. Kowace safiya a rubuta abin da aka gani a cikin littafi, har kwana 10.