Darasi: Asarar Da Haɗari A Wurin Aiki Ke Jawo Wa Mai Sana'a

Da yawa daga cikinmu a gareji muke neman abinci, ko a shagon walda ko na kafinta, tun daga Suame Magazine a Kumasi har Nima a Ankara. Idan jek ya zame, mota ta danne ƙafar ɗan koyo, sai mu ce ƙaddara ce. Haka ne, amma sakaci ma yana da nasa hannu, kuma bayan zafin da yaron zai sha, akwai asarar da ke hawa kan maigidan shago.

Asarar kashi biyu ce. Ta farko ita ce ta fili: kuɗin mota zuwa asibiti, kuɗin magani, da diyya. A Gana, dokar diyyar ma'aikata ta 1987 ta wajabta wa mai aiki ya biya ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aikinsa.

Ta biyu ɓoyayyiya ce, ita ce kuma ta fi cin dukiya. Ranar da abin ya faru aiki ya tsaya cik. Motar da ta faɗo ta lalace, gyaranta na kan maigida. Masu jiran kayansu sun gaji sun koma wani shago. Wanda aka ɗauko ya maye gurbin yaron sai an koya masa daga farko.

A 1931, wani ma'aikacin kamfanin inshora a Amurka, H. W. Heinrich, ya ƙiyasta cewa ɓoyayyiyar asara takan ninka ta fili sau 4. Wato idan asibiti ya ci sidi 1,000, wasu 4,000 sun zurare ta bayan gida. Adadin yakan bambanta daga sana'a zuwa sana'a, amma darasin na nan daram.

To, mu kwatanta wannan da kuɗin tabaran walda, ko safar hannu, ko ƙarfen tokare mota. Rigakafi ya fi magani.

Aikin gida: kowa ya duba shagonsu ya rubuta abu 3 da ka iya raunata mutum, da kuɗin gyara kowanne, sa'an nan ya kai wa maigidansa cikin ladabi. Allah Ya tsare mu, amin.