Tsohuwar taswira da tarihin ƙauyenmu

Taswira zanen ƙasa ce, kamar yadda shaho yake ganin ta daga sama. A shekarun 1950 da 1960, ma'aikatar taswira ta Faransa ta yi amfani da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, ta zana taswirorin Nijar. A ƙasan da yawa daga cikinsu an rubuta 1/200.000, wato santimita 1 a takarda kilomita 2 ne a ƙasa.

Kowane launi da aikinsa. Shuɗi na ruwa ne: gulbi, tabki, rijiya. Tsanwa na daji ne. Ƙananan baƙaƙen alamu gidaje ne. Layuka masu launin ƙasa suna nuna tudu da kwari. Inda suka matsu da juna, gangare yana da tsanani.

Waɗannan layuka suna bayyana tarihi. Tsohon garin Maraɗi cikin kwarin Gulbi yake. A 1945 ambaliya ta cinye shi, aka tayar da mutane zuwa kan tudu. Wanda ya dubi layukan zai gane dalilin ƙaurar.

Sunaye ma shaida ne. Turawa sun rubuta su da rubutunsu: Tessaoua ita ce Tasawa, Guidan Roumdji shi ne Gidan Rumji. Sunan da ya fara da Gidan ko Garin yakan tuna da wanda ya sari wurin. Inda taswira ta nuna daji, yau kuwa sai gonakin hatsi, mun san mutane sun ƙaru, daji ya ragu. Inda ta nuna ƙauye, yau babu kowa, kufai ne.

Amma taswira ba ta faɗin wanda ya gina rijiya, ko abin da ya kori mutane daga kufai. Wannan yana bakin tsofaffi. Mu tambaye su tun suna raye.

Tambayoyi
1. Tsakanin ƙauyuka biyu akwai santimita 6 a taswira. Kilomita nawa ke nan?
2. Me ya sa aka tayar da Maraɗi?
3. Me shuɗi yake nunawa?

Aiki
Ku zana ƙauyenku da rijiyoyi, burtali da fadama. Ku kai wa wani dattijo ya nuna muku abin da ya sake tun ƙuruciyarsa.