Iskar Gefe da Tsofaffin Jiragen Koyo: Taya Ta Taɓa Ƙasa, Aiki Bai Ƙare Ba

Wani matashi daga Madarunfa, mai burin zama matuƙin jirgin soja, ya aiko da tambaya: me ke sa tsofaffin jiragen horo su sauka lafiya lau, sai kuma su juya kamar an murɗa su, fiffike ya daki ƙasa?

Ƙanena, laifin na iska ne da ƙirar jirgin, amma kaso mafi tsoka na matuƙi ne. Jirage irin su T-6 Texan na Amurka, wanda aka ƙera sama da 15,000, da Dornier Do 27 da sojan saman Najeriya suka yi amfani da shi bayan kafa rundunar a 1964, manyan tayoyinsu biyu na gaba, ƙarama ɗaya na can ƙarƙashin wutsiya. Ke nan cibiyar nauyin jirgin tana bayan manyan tayoyin. Wanda ya taɓa tura amalanke da baya ya san abin: da ta ɗan karkace, karkacewar ƙaruwa take yi, ba ta gyara kanta. Iskar gefe kuwa tana bugun wutsiya, hanci ya juya ya fuskance ta, nauyin baya ya ƙarasa ɓarnar. Wannan na cikin dalilan da suka sa jiragen koyo na baya-bayan nan, kamar Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna da Super Mushshak na Pakistan, suke da taya a hanci.

Yankinmu kuma ba ya rasa iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas, da ƙurar da ke rage gani. Da bazara guguwa kan taso da rana tsaka, da damina kuma iskar hadari kan faɗo daga gabas ba sallama. Ɗalibi ya yi atisayensa da sassafe.

Kafin ka sauko, yi lissafi. Idan iska ta kauce wa titin sauka da digiri 30, rabin ƙarfinta ne ke bugunka ta gefe. A digiri 45, kusan kashi 70 cikin ɗari. Daga digiri 60 zuwa sama, ɗauke ta duka. Iskar kilomita 40 a awa a digiri 30 ta zama 20 ke nan. Gwada wannan da adadin iskar gefe da ke littafin jirgin, sannan ka rage, domin adadin ƙwararren matuƙin gwaji ne ya samo shi, ba ɗalibi ba.

Wajen sauka, sunkuyar da fiffiken da ke ɓangaren iska, ka taka fedar ɗaya ɓangaren don hanci ya miƙe da titi. Tayar ɓangaren iska ce za ta fara taɓa ƙasa. To, a nan ne ake yin asara. Mutum ya ji taya ta taɓa, sai ya saki jiki. Alhali gudu na raguwa, ikon wutsiya da fuka-fuki na raguwa tare da shi, iska kuwa tana nan yadda take. Don haka ci gaba da tura sandar tuƙi wajen iska har ta ƙure, ka ja ta baya bayan wutsiya ta zauna don tayar baya ta kama ƙasa, ƙafafunka na gyara kaɗan-kaɗan da wuri. Idonka can nesa, ƙarshen titi. Birki kuwa a hankali: ka danne shi da ƙarfi, jirgin ya kifa da hanci.

Idan ya yi tsalle ko ya fara zamewa gefe kafin ya zauna, ba shi wuta ka tashi, ka sake zagayowa. Malaman kirki, a Zariya ko a Yamai, ba sa rage wa ɗalibi daraja don ya sake zagaye. Kuma kada ka hau jirgi mai tayar wutsiya kai kaɗai sai malamin da ya san irinsa ya zauna da kai a ranar iska, ya ga saukarka, ya sa hannu.