Yadda Ake Tsugunar da 'Yan Gudun Hijira Cikin Ƙauyuka a Jihar Maraɗi

Tun daga shekarar 2019, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubban mutane suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, galibinsu mata da yara, kuma mafi yawansu suka sauka a ƙauyukan gundumar Gidan Rumji. Maimakon kafa babban sansani, gwamnatin Nijar da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a Nijar ake kira HCR, sun zaɓi tsugunar da baƙin a gefen ƙauyukan da ke da mazaunansu tun asali, irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, ta yadda duk abin da aka gina zai amfani baƙo da ɗan gari baki ɗaya.

Matakin farko ba hukuma ce ke ɗaukarsa ba. Mutanen ƙauyukan bakin iyaka ne ke buɗe zaurukansu da rumbunansu tun kafin motar agaji ta iso, kasancewar harshe ɗaya ne da addini ɗaya, ga auratayya da cinikin kasuwa da suka daɗe suna haɗa ɓangarorin biyu. Sai dai wannan karamci yana da iyaka, domin magidancin da hatsinsa da ƙyar yake kai shi damina ba zai iya ciyar da gida biyu na tsawon watanni ba, don haka jinkirin agaji a wannan lokaci talauta mai masauki yake yi.

Daga nan sai rajista, inda ake ɗaukar suna da hoto da zanen yatsun kowane mutum, a kuma ware waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman, kamar marayu da masu juna biyu da tsofaffi. A nan ne bambancin mai neman mafaka da ɗan gudun hijira yake da muhimmanci: na farko shi ne wanda ya nemi kariya amma ba a yanke hukunci kan buƙatarsa ba, na biyu kuwa shi ne wanda aka amince cewa tsoro na haƙiƙa ne ya raba shi da ƙasarsa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta faɗaɗa ma'anar da ke cikin yarjejeniyar Janiba ta 1951, har ta haɗa da wanda ya tsere wa rikicin da ya dagula zaman lafiyar jama'a, kuma wannan ne ke ba da damar amincewa da masu tahowa a jimlace ba tare da tantance kowa shi kaɗai ba.

Zaɓen wurin zama shi ne mataki mafi wuya, kuma shi ya fi cin lokaci. Ana neman ƙauyen da ya yi nisa da iyaka, saboda 'yan bindiga kan tsallako su kai hari ko su sace dabbobi, sannan a tabbatar akwai ruwa a ƙarƙashin ƙasa da filin da za a iya bayarwa. Fili kuwa a Maraɗi ba abin wasa ba ne, domin yanki ne mai yawan jama'a da ƙarancin gonaki, saboda haka tilas a zauna da mai gari da hakimi da magajin gari da masu gonakin kansu, a bayyana iyakar abin da aka bayar da sharuɗɗansa. Duk yarjejeniyar da aka ƙulla a ofis ba tare da mai gona ya ji da kunnensa ba, rigima ce aka ajiye wa gaba. Ita ma ƙaurar zuwa sabon wurin ba a tilasta wa kowa, kuma akwai iyalan da kan gwammace zama kusa da iyaka don su riƙa leƙa gonakinsu da danginsu, ko da yake hakan na tattare da haɗari.

Bayan an raba filaye an kafa matsugunai, sai a juya ga ayyukan da ake tarayya a kansu, wato rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani da ƙarin azuzuwa a makarantar gari. Ƙa'idar ita ce kada a yi famfon baƙi daban da na 'yan gari, domin ranar da ɗan gari ya ga baƙo na shan ruwa mai tsabta alhali matarsa na jan guga a tsohuwar rijiya, daga ranar zumunci ya fara tsami. Saboda haka ake kafa kwamitocin da suka ƙunshi ɓangarorin biyu, maza da mata, don kula da ruwa da sasanta saɓani kan itacen girki ko ɓarnar dabbobi.

Sha'anin yara da matasa yana buƙatar haƙuri na daban. Tsarin karatun boko na Nijar ya ginu ne a kan Faransanci, na Najeriya kuma a kan Ingilishi, sannan da yawa daga cikin yaran makarantar allo kawai suka sani, don haka ƙanana kan shiga aji tare da 'ya'yan gari, waɗanda suka girma kuwa sun fi amfana da azuzuwan cike giɓi da koyon sana'a kamar ɗinki da walda da kiwo. Saurayin da aka bari ba karatu ba sana'a shi ne masu ɗaukar makami suka fi saurin ruɗa.

Mataki na ƙarshe shi ne rage dogaro ga rabon abinci, ta hanyar aron gona da iri da ɗan jari. A nan Maraɗi tana da gadon da za a ɗora a kai, domin a wannan jiha ce ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata ke zuba kuɗi kowane mako a asusu ɗaya, su ranta wa junansu, su raba riba a ƙarshen zango. Idan baƙuwa da 'yar gari suka shiga asusu ɗaya, kowace tana da dalilin son kasuwancin 'yar'uwarta ya yi albarka, kuma asusun kan ci gaba da aiki ko bayan kuɗin masu ba da agaji sun ja baya.